Kaurin Yatsa a Takalmin Hagu

Duk mai bi ta layin tashar mota ya san rumfar Basilla. Rumfa ce ta kwano huɗu, jingine da bangon wani shagon sayar da taya. A cikinta benci ɗaya ne, da akwatin kayan aiki, da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake kifa takalmi a kai a buga masa ƙusa. Shekara arba'in yana zaune a wurin yana gyaran takalma. Harshensa kuwa, Allah ya kiyaye. Ka kawo masa takalmi, kafin ya karɓa sai ya karanta maka halinka: "Kai jan ƙafa kake yi kamar wanda aka aika bai so ba," ko kuma, "Wannan dunduniyar ta mai gudun surukai ce." Wasu su yi dariya, wasu su tafi suna ƙunƙuni, amma gobe duk su dawo, don ɗinkinsa sai takalmi ya mutu ya bar shi.

'Ya'yansa uku ne, duk mata, duk suna gidajen mazajensu. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne ɗan yayarsa. Duniya ta san shi da Tirela, ɗan damben zamani na ajin masu nauyi, ƙato mai kilo ɗari da goma, wanda ya yi karawa talatin da ɗaya ba a taɓa cin galaba a kansa ba. Basilla bai taɓa kiransa Tirela ba. Ɗan Yaya yake ce masa, tun yana goye har ya kai sai ya sunkuya yake shiga rumfar.

Tirela na da shekara tara ya faɗo daga kan katanga, cinyarsa ta hagu ta karye. Aka ɗora, ya yi wata uku a kwance, ya miƙe. Kowa ya ce barka. Bayan 'yan watanni Basilla ya juya takalman makarantarsa ya ga abin da bai yi masa daɗi ba: na hagu ya cinye a baki, na dama ya cinye a dunduniya. Ya tsayar da shi a kan katako ba takalmi, wai zai auna masa sabo, ya ƙura wa gwiwoyinsa ido. Ƙafar hagu ta gaza ta dama da kaurin yatsa ɗaya. A lokacin har 'yan ajinsu sun fara yi masa waƙar ɗingishi a hanya, shi kuma ya ce ko yanka shi za a yi ba zai koma makaranta ba.

Yayar Basilla mai wanki da guga ce, mijinta ya rasu ya bar ta da wannan ɗa tilo. Da ƙaninta ya gaya mata abin da ya gani, ta ajiye dutsen guga ta juyo gare shi.

"Ka gyara masa ta inda ba zai gani ba," in ji ta. "Kuma ka rantse mini ba za ka taɓa gaya masa ba. Ni na haife shi, na san zuciyarsa. Ranar da ya ji daga bakin babba cewa ƙafarsa ba daidai take ba, ranar zai zauna, kuma ba zai sake tashi ba."

Ya rantse mata. Ya yanka fata falle uku, ya fere su da aska, kauri a dunduniya suna sirancewa zuwa yatsu, ya manne su da gam, ya ɓoye a ƙarƙashin shimfiɗar cikin takalmin hagu, ya bi da zare. Ɗan Yaya ya sa takalmi ya ruga da gudu har ƙarshen layi ya dawo. Uwar ta ce, "Ka gani ko? Ka warke sarai."

Tun daga ranar Basilla ya kafa doka: ba takalmin da zai shiga ƙafar ɗan nan sai ya kwana a rumfa. Hujjarsa ita ce wai takalmin kanti duk ƙarya ne, in ba a bi shi da zare ba sati biyu ya buɗe baki. Na makaranta, na ƙwallo, na aurensa, kai har silifas na shiga wanka sai da ya san yadda ya yi ya ƙara masa roba a ƙasa. Da ya shiga dambe, takalman dambe ma suka bi layi. In Tirela na tafiya ba takalmi a tsakar gida yakan ɗan yi rangaji, mutane su ce taƙamar ƙarfi ce. Likitocin dambe kuwa ido suke dubawa da jini da bugun zuciya, ba mai auna tsawon ƙafa. Yaya ta rasu shekara shida da suka wuce, alkawarin ya zauna a wuyan Basilla shi kaɗai.

Sai aka zo maganar kambu. Aka sa rana tsakanin Tirela da mai riƙe da kambun ajin masu nauyi, wani dogon mutum mai sanƙo wanda ba ya fara'a. To, jama'a, ba a taɓa zuzuta abu kamar wannan karawa ba. Hoton Tirela a bangon kanti, a bayan bas, a jikin kwalbar lemo. Ka kunna rediyo, Tirela. Ka kashe ka fita, masu wankin mota suna musu a kan zagaye na nawa zai kwantar da mai sanƙo. Masu tausayi ne suke cewa na uku. Basilla yana ji yana ɗinkinsa, in abin ya ishe shi ya ce, "Ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi."

Wani sabon manaja ya karɓi harkar, mai kwat da waya biyu, wanda in yana magana da kai idonsa na kan wani. Ya kwashe Tirela ya kai shi wani otal a can ƙarshen gari, wata biyu ba a barin kowa ya shiga wurinsa, wayarsa ma manajan ke riƙewa. Wannan bai dami Basilla ba, don da tsofaffin takalmansa ya tafi, duk sun bi ta hannunsa. Ana saura kwana huɗu yana shan shayi a teburin mai shayin da ke daura da rumfarsa, sai ga manaja a talabijin riƙe da akwatin gilashi. A ciki takalman dambe ne ruwan zinariya, sai walƙiya suke yi. Wani kamfanin takalma ne ya ƙera su musamman, wai ba za su taɓa ƙasa ba sai ranar karawa.

Basilla ya miƙe zumbur. Ya ajiye kofin ya koma rumfa, ya ciro fata mafi kyau da yake da ita, ya yanka falle uku. Awon ƙafar ɗan nan a kansa yake, ko a mafarki aka tashe shi zai yanka daidai. Da gari ya waye ya sa wankakkiyar riga, ya zuba fatar da gam da basilla a jaka, ya hau bas biyu.

A zauren otal ɗin aka tsayar da shi. Ƙasan wurin sumul kamar madubi, har ya ga tsagar dunduniyarsa a ciki. Ya yi awa biyu a tsaye kafin manaja ya sauko.

"Baba, lafiya?"

"Ni kawunsa ne. Takalmin nan na zinariya za ka ba ni, na hagu kaɗai. Minti ashirin in dawo maka da shi."

Manaja ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, wannan takalmin kwamfuta ce ta auna shi. Me za ka yi masa da basilla?"

"Abin da nake yi wa sauran."

"Me kake yi wa sauran?"

Nan fa ake yin ta. Maganar ta zo har bakin Basilla, sai ya tuna Yaya da dutsen gugarta. Idan ya faɗa wa wannan mai waya biyun, kafin la'asar duniya ta ji, mai sanƙo ma ya ji. Ya haɗiye ya ce, "Tsakanina da shi ne. Kira mini shi."

"Yana hutawa." Manaja ya karɓi wata hula mai hoton Tirela daga hannun mai gadi, ya kifa wa tsohon a ka. "Ga tsaraba. A raka Baba bakin titi, kada ya zame."

Wallahi da marinsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Basilla ya cire hular ya yi jifa da ita, ta faɗa cikin tukunyar fure. Ya ce, "Ni da na ɗinka masa takalmi tun ba ka san hagu da dama ba!" Ya juya ya fita. A nan ne ya yi kuskuren da ba wanda ya sa shi. Kowace yamma Tirela na fitowa gudu ta ƙofar baya, mai gadin ma ya raɗa masa haka yana raka shi. Da ya zauna a gindin katanga ya jira, da sun haɗu, kuma ɗan nan bai taɓa hana shi takalmi ba. Amma zuciya ta ɗebe shi. Ya ce in ya sake taka wurin ba ubansa ne ya haife shi ba, ya hau bas ya koma.

Ranar karawa aka cika gidan kallo tun la'asar, ba masaka tsinke. Basilla ya samu gefen benci, fatar nan falle uku tana aljihunsa, shi kansa bai san dalilin da ya sa ya zo da ita ba. Tirela ya fito cikin kiɗa da hayaƙi, takalman suna ɗaukar ido, gidan kallo ya ɗauki ihu. Aka kaɗa ƙararrawa. Kowa na kallon hannu, shi yana kallon ƙafa.

Zagaye na farko da na biyu ba laifi. A na uku Tirela ya saki damarsa, damar nan da ta kwantar da maza, sai ta wuce ta gefen kunnen mai sanƙo, shi kuma ya tafi gaba kamar zai ci da baka. Ya sake, ta sake wucewa. Duk sanda ya dogara a kan ƙafar hagu, ƙasa ba ta inda ya saba samunta. Tazarar ba ta fi kaurin yatsa ba, amma jikin da ya shekara ashirin yana koyon naushi a kan awo ɗaya ba ya canzawa a yamma ɗaya. Basilla ya ga ɗan nan ya duba hannunsa na dama, kamar mai tambayarsa me ya same shi. Wannan kallon ya soki tsohon har cikin ransa.

Daga zagaye na shida ƙugu ya fara. Tirela ya daina bin abokin karawarsa, ya koma rungume shi yana jingina da igiya. Mai sanƙo ya gane akwai matsala ko da bai san mece ce ba, ya yi ta zagaya shi ta hagu yana zuba masa naushi. Ido ya kumbura, leɓe ya fashe. 'Yan kallo suka koma yi masa ihun tsiya. Wani a bayan Basilla ya ce, "Tirela ta yi faci!" aka kwashe da dariya. Har aka kaɗa ƙararrawar zagaye na goma sha biyu gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, amma alƙalai uku duk mai sanƙo suka ba.

Kashegari gari ya waye da masana. Wanda bai taɓa dukan ko buhun gawayi ba ya zama koci. Wannan ya ce sayar da wasan ya yi. Wancan ya ce daɗin otal ne ya lalata shi. Da yawa suka ce tsoro ne kawai, dama can bai taɓa haɗuwa da namiji ba. Aka bi hotunansa ana yagewa. Manaja ya shiga rediyo ya wanke kansa tas, ya ce an yi wa yaron komai, zuciya ce ba a sayar da ita a kanti.

Basilla ya buɗe rumfarsa kamar kullum, amma ya kafa sabuwar doka. Wani direba ya miƙo takalmi yana cewa, "Baba, ashe ɗanku matsoraci ne," sai takalmin ya tashi sama ya sauka a tsakiyar titi.

"Je ka kai wa jarumi ya ɗinka maka! Kai da ko akuya ta yi atishawa sai ka taka birki!"

Mai shayi ya ce, "Basilla, a hankali, za ka kori masu kawo maka aiki."

"Su tafi. In ci ƙusa."

Kwana bakwai yana faɗa da layi guda. Wanda duk ya zagi Ɗan Yaya, ya ɗauki takalminsa ya yi gaba. Sai dai in ya sunkuya a kan aiki, ya san wanda ya fi cancanta da jifan takalmin, kuma ba direban ba ne. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci. Matarsa ta yi tambaya har ta gaji.

A rana ta takwas, da tsakar rana, inuwa ta rufe bakin rumfar. Tirela ne, ya ja hular rigarsa ya rufe fuska, idon hagu har yanzu da sauran kumburi. Ya sunkuya ya shigo, ya zauna a benci, bencin ya yi ƙara. Ya gaida kawunsa a hankali, ya zazzage jaka a ƙasa: safar hannu ta dambe guda biyu da takalman zinariya.

"Kawu, ga fata. Mai kyau ce. Ka yayyanka ka yi faci da ita."

"Wa ya ce maka fata ta ƙare mini?"

"Na bari, Kawu. Gaskiya suka faɗa." Ya sunkuyar da kai. "Ban karɓi ko sisin kowa ba, Allah shi ne shaida. Amma na shiga, na nemi kaina na rasa. Ina kai hannu ba ya zuwa. Ƙafata tana rawa. In ba tsoro ba mene ne? Ashe duk shekarun nan ƙarya nake yi."

Basilla ya dube shi. Abin da Yaya ta guda shi ne ga shi a kan benci: ɗanta ya zauna, kuma ba shi da niyyar tashi. Shirun da ta sa a yi don ya tsaya da ƙafarsa, shi ne yau ya zaunar da shi. Ya ce a ransa, Yaya ki yafe mini, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Tashi. Cire takalminka. Hau katakon nan."

"Kawu..."

"Na ce ka hau, ba na son gardama!"

Ƙaton ya hau. Basilla ya ce ya gyara tsayuwa irin ta dambe ya kai dama. Ya kai, kafaɗarsa ta rinjaya, sai da ya dafa ginshiƙin rumfa. Tsohon ya durƙusa, ya ciro fatar nan daga aljihu, ya tura ta ƙarƙashin dunduniyar hagu.

"Sake."

Naushin ya fita har iska ta yi ƙara, kwanon rumfa ya amsa. Tirela ya tsaya cak, yana kallon ƙafarsa.

Basilla ya jawo wani tsohon buhu daga ƙarƙashin benci ya juye. Takalma suka zubo, duk na hagu, daga ɗan ƙaramin na makaranta har zuwa na dambe masu girman kwale-kwale. Ya ɗauki ƙaramin, ya sa aska ya ɗaga shimfiɗar ciki. Fata falle uku, ta yi baƙi don tsufa. Ya gaya masa komai, tun daga katanga har rantsuwa. Bai ɓoye zuwansa otal ba, bai ɓoye hular ba, bai kuma ɓoye cewa an gaya masa ƙofar baya ya ƙi jira ba.

"Laifin manajanka ɗaya ne, nawa biyu. Na yi shiru, na kuma yi fushi."

Tirela ya juya ɗan takalmin a tafin hannunsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. "Shekara ashirin, Kawu? Kai da Inna? Kuna kallona ina bugun ƙirji, ashe gurgu ne ni?"

"Gurgun uban wa?" Basilla ya miƙe tsaye, kansa bai wuce ƙirjin ɗan ba, yana nuna shi da basilla. "Ka ji haushina, ka isa, na ci a ji haushina. Amma kada ka kuskura ka faɗi wannan kalmar a rumfata. Fata ce ta kayar da mutum talatin da ɗaya? In fata ce, ga ta nan buhu guda, ta tashi ta yi dambe mu gani! An raba ka da ƙasar da ka saba takawa, aka sa ka gaban wanda ya fi kowa, ya yi zagaye goma sha biyu yana saranka ya kasa kai ka ƙasa. Da ƙafa ɗaya da rabi! Shi ya ari taka ya gwada ko zagaye biyu. Matsoraci a na shida yake kwanciya ya huta."

Mai shayi da masu taya sun taru a bakin rumfa. Tirela ya ga sun ji komai. Ya kai hannu zai ja hular rigarsa, sai ya fasa, ya tura ta baya gaba ɗaya. Hawaye na bin kumburin idonsa, bai share ba. Ya daɗe a tsaye a kan katakon, dunduniyarsa a kan fatar.

Can ya sauko. Ya tsince safar damben ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe su, ya mayar cikin jaka. Ɗan takalmin makarantar ma ya sa shi a aljihu, bai nemi izini ba. Sannan ya ɗauki takalmin zinariya na hagu ya ajiye a kan akwatin aiki, a gaban kowa.

"Ban huce ba, Kawu."

"Ban ce ka huce ba."

"Yaushe zan zo in karɓa?"

Basilla ya ɗauki takalmin, ya lanƙwasa shi, ya shinshina, ya taɓe baki. Ya sa hannu a cikin akwati yana neman zare.

"Ka bi layi. Na mai shayi na gabanka. Kuma wannan karon zama za ka yi ka ga yadda ake yankawa, don ba kullum zan kasance a nan ba."

Tirela ya koma kan benci ya zauna, ya matso kusa.